Ledar kare fentin mota: inda ta dace da inda asarar kuɗi ce

"Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na sayi Corolla tokumbo, fara. Ina zaune a Mararaba, aikina a Wuse, kuma kusan duk ƙarshen wata ina zuwa Jos gaida iyaye. Tuni tsakuwa ta fara ɓantarar min fentin bonet. Wani mai shago ya ce in kawo a lulluɓe ta gaba ɗaya da ledar nan mai kamar gilashi da ake kira PPF. Wani kuma ya ce zai yi min a kashi ɗaya bisa uku na kuɗin wancan. Wanne zan bi?" Mai karatu daga Mararaba.

Wa alaikumus salam, Malam. Duk wanda ya taɓa bin bayan tifa mai ɗauke da tsakuwa a hanyar Keffi ya san ƙarar da kake nufi. Amma da ni ne, duka biyun ba zan bi ba tukuna.

Ledar ta gaskiya ana yin ta ne da wata roba mai suna TPU, kaurinta kusan mikron 150 zuwa 200, wato bai wuce kashi ɗaya bisa biyar na milimita ba. Asalinta ma ba don mota aka yi ta ba. Kamfanin 3M ne ya yi wa sojojin Amurka ita lokacin yaƙin Biyetnam, don yashi da ƙasa su daina cinye fukafukan helikwafta. Yau masu yin ta akwai XPEL, SunTek, STEK, LLumar da ita 3M ɗin, wasunsu suna ba da garantin har shekara 10. Mai arahar kuwa yawanci wata roba ce daban mai suna PVC. Ranar da aka manna su ba za ka bambance ba, sai ranar Abuja ta watan Maris da Afrilu ta gasa ta. Nan za ta fara rawaya, ta bushe, ta tsattsage, a kan farar mota irin taka kuwa tun daga nesa za a hango. Ranar cire ta kuma ɓalli-ɓalli take fita, ta bar gam a jikin fenti. Araha dai ba ta ado.

Gwajin bai da wuya. Ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka ja shi: ta kirki tana miƙewa ba ta yagewa. Ka kankare ta kaɗan da burushi mai tauri, ka zuba ruwan zafi, za ka ga sawun ya shafe, domin saman ledar yana haɗewa da kansa idan ya ji zafi. Ka nemi ganin kwalin da nadin ya zo a ciki, kuma a rubuta sunan ledar a rasit. Wanda ya fi duka: ya nuna maka motar da ya yi wa aikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Idan ya fara kame-kame, ka yi masa sallama.

Batun lulluɓe mota gaba ɗaya kuwa, a kan Corolla tokumbo ban ga dalili ba. Tsakuwa ba ta dukan rufin mota, ba ta dukan but. Gaba take samu: bamba, bonet, gefen gaba biyu da ke saman tayoyi, bayan madubai, fitilu. Ka ƙara da ramin hannun ƙofa inda farce ke karta, da bakin ƙofofi. Bonet ɗin a yi shi duka, a naɗe bakin ledar ta ciki. Masu yin rabi suna barin layi a tsakiya, hunturu na kamawa jar ƙura za ta kwanta a layin kamar an ja shi da biro.

Ga inda nake so ka fi kula. Motocin tokumbo da yawa an taɓa yi musu fenti, ko a can ko bayan sun sauka. Fentin kamfani yana jure cire leda, na feshin gareji kuwa sau da yawa yana biyo ta. Shagon da ya san aikinsa yana da ɗan na'urar auna kaurin fenti, ya ɗora maka ita a kowane ɓangare. Wuraren da tsakuwa ta riga ta ɓantara a cike su tukuna, don leda ba ta ɓoye tabo, adana shi take yi. Idan aka yi sabon feshi, a bar shi aƙalla wata guda ya gama bushewa kafin a rufe.

Sannan ka dubi wurin aikin. Ɗaki ne rufaffe, ko rumfa ce a bakin titi? Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta shiga ƙarƙashin leda ta zauna ke nan. Ka kuma tambaya ko inji ne ke yanko ledar daidai da ƙirar motar, ko da reza za a yanka a jikinta. Na taɓa ganin bonet da aka cire wa leda, sawun reza ya zagaye shi kamar tsagar gado. Da leda matsakaiciya a hannun gwani da mai tsada a hannun ɗan koyo, ta farkon zan ɗauka.

Tunda Jos kake zuwa: ƙanƙarar da kan sauka can da damina tana lotsa ƙarfe ne, leda ba ta da maganin wannan. Haka ma ɗan acaɓan da zai goge ka a cunkoson Nyanya.

"Malam, sabuwar mota maigida ya saya min. Ledar kamfani tana nan a kujeru da allon rediyo ban cire ba, saboda yara. In bar ta?" Wata Hajiya daga Gwarinpa.

Allah ya sanya alheri, Hajiya, ya tsare hanya. Amma a cire ta yau. Na san al'adarmu ce a bar ledar har shekara don a san mota sabuwa ce, sai dai an sa ta ne don jigila daga masana'anta zuwa wurin dillali. Motar da aka kulle a rana cikinta yana zama murhu. Ledar tana tara gumi a kan kujera, gam ɗin ta allon kuma yana narkewa ya manne.

Akwai ledar ciki ta musamman, kuma wurare kaɗan ne ke bukatarta: allon taɓawa, baƙar robar nan mai sheƙi da ke kewaye da giya wadda ko mayafi ya goge ta sai ta yi sawu, da dokin ƙofa inda takalman yara ke sauka. Ta allon ki zaɓi marar sheƙi, tana rage hasken rana da sawun yatsa. Kada a manna komai a sitiyari ko inda aka rubuta alamar jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum idan an yi haɗari. Kujeru kuwa riga za a ɗinka musu, wadda aka bar wa jakar iskar gefe hanya idan motar tana da ita.

"An ce min siramik ya fi leda kuma ya fi sauƙi. Gaskiya ne?" Wani ɗalibi daga Rayfield, Jos.

Aikinsu daban ne, ƙanena. Siramik ruwa ne da ake shafawa ya daskare, siriri ƙwarai. Yana sa ruwa da datti su zame, wanki ya yi sauƙi, amma tsakuwa za ta fasa fentin kamar babu shi. Masu hali suna manna leda a gaba, su shafa siramik a kai da sauran jiki. In ka sa ledar, ka bar ta kamar mako guda ba wanki, ƙananan kumburin ruwa da za ka gani za su bushe da kansu. Bayan nan ka gaya wa yaran wankin mota kada su saita injin feshin ruwa a bakin ledar, kuma tsumman taya daban, na jiki daban.