Zan je Masar karon farko, wayata za ta isa ɗaukar hoto ko sai na sayi kyamara?

Tambaya:

Assalamu alaikum malam, barka da ƙoƙari. Ni manomi ne daga wani ƙauye a gefen Gumel jihar Jigawa, riɗi nake yi da ɗan kiwo. Tun ina firamare na ga hoton dalar Masar a littafi nake burin in ganta da idona, shekara da shekaru ina tari, to bana Allah ya yi riɗi ya yi kuɗi na haɗa da kuɗin raguna, fasfo ya fito biza ma ta fito, insha Allahu watan Janairu zan tashi in yi sati ɗaya a Alƙahira. Ban taɓa fita waje ba, ko Nijar da ke kusa da mu iyakata kasuwar Maigatari. Damuwata hoto ce. Abokai na cewa wai sai na sayi babbar kyamara in ba haka ba na yi asarar tafiya, ni kuma Tecno ce a hannuna, kuma duk sanda aka ɗauke ni a rana fuskata baƙi ƙirin take fitowa ba a gane ni. Mutanen gida da 'yan majalisa duk sun zuba ido. Dan Allah a ba ni shawara.

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.

Kar ka sayi kyamara. Na faɗa maka wannan tun farko ne don kar wani ya kai ka kanti kafin ka gama karantawa. Kyamarar da ka saya saura sati biyu tafiya ba za ka iya ta ba, za ka je gaban abin da ka yi shekaru kana mafarki ka tsaya kana laluben maɓalli, rana na tafiya, mai mota na maka hon. Wayar da hannunka ya saba da ita ta fi maka. Kuɗin kyamarar ka riƙe su, tikitin shiga wurare a can yana cin kuɗi fiye da yadda mutane ke zato, don farashin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa.

Bari mu fara da maganar fuska tunda ita ta fi damunka. Ba laifin fatarka ba ne, kuma ba lallai laifin wayar ba. Waya tana auna hasken da ke gabanta ne gaba ɗaya, to idan ka tsaya bayanka sararin sama ne fari tas ga yashi na ƙyalli ga ka sa farar shadda, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, abin da zai fara nutsewa kuwa fuskarka ce. Maganin abu biyu ne. Na farko rana ta kasance a bayan mai ɗaukar ka ko ta gefensa, wato tana haska fuskarka, kar ta zama tana bayanka. Na biyu kafin ya danna ya taɓa fuskarka a jikin sikirin da yatsa, za ka ga wani ɗan akwati ya fito da alamar rana a gefe, in an ja alamar sama haske zai ƙaru, a ja kaɗan kawai har idonka ya fito. Kuma ka bar farar shadda a otal ranar zuwa dala, ka sa mai ruwan bula ko toka ko ruwan ƙasa mai duhu, fari yana rikita awon haske sosai. Hular ma ka ɗan tura ta baya kar ta yi maka inuwa a goshi. Ka gwada wannan tun yanzu a bakin gona da wani ƙaninka, safe da azahar da la'asar, za ka ga bambancin da idonka kafin ka hau jirgi.

Ɗaya kuma da mutane ke rainawa, goge gilashin kyamara. Waya tana aljihu da gumi da maiƙon hannu, hoto ya fito kamar an ɗauka cikin hayaƙi a ce waya ce ba ta da kyau. Gefen riga ma ya isa, amma a Giza, inda dalar take, ka fara hure yashin tukuna kafin ka goga.

To sai ita dalar. Suna Giza ne a gefen Alƙahira ta yamma, manya uku, babbar ta sarki Khufu an gina ta shekara wajen 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali kusan mita 146, yanzu ya ragu zuwa wajen 138 saboda saman ya zube kuma an kwashe duwatsun da aka lulluɓe ta da su. Ta tsakiya ta sarki Khafre za ka ga kamar ta fi tsayi, ba ta fi ba, a kan tudu take, ita ce mai ɗan saura lulluɓi a ƙololuwa kamar hula, da haka za ka gane ta. Abin da nake so ka riƙe shi ne waya ba ta san girma ba. Idan ka ɗauki dala ita kaɗai daga nesa ka kawo majalisa, dattijan da suka ga dalar gyaɗa ta Kano za su ce ai wannan mun san irinta. Dole ka saka mutum a ciki. Ka je gindin babbar, ka tsaya jikin layin duwatsu na ƙasa, dutse ɗaya zai kai maka wajen ƙirji, ka ɗora hannu a kai, mai ɗauka ya ja baya sosai ya ɗan durƙusa ya miƙar da wayar tsaye yadda kai za ka fito ɗan mitsitsi a ƙasa duwatsun kuma su hau har su fice daga hoton. An ƙiyasta duwatsun da ke jikinta sun haura miliyan 2, to wannan hoton shi zai sa wanda bai je ba ya ji nauyin maganar. Daga nan ka matso ka ɗauki dutse ɗaya kawai da tafin hannunka a kai, a ga kaushinsa da inda iska ta ci. Hawa dalar kuma haramun ne a dokarsu, kar wani ya ce ba komai ka ba shi wani abu ya kau da kai.

Lokaci shi ne rabin aikin. Gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum da Larabawa ke kira Abul Haul gabas yake kallo, don haka da safe ne rana ke haska fuskarsa, kai kuma in ka tsaya gabansa ka ba shi baya taka fuskar ma ta samu haske, dala tana bayanku. In ka bari sai yamma rana ta koma bayansa duk ku biyun za ku fito duhu. Wurin da ake tsayawa a hango dalar uku a jere kuwa can cikin yashi yake ta ɓangaren yamma, shi ya fi kyau bayan azahar zuwa la'asar. Sai dai ka sani a Janairu rana na faɗuwa da wuri a can, wajen ƙarfe 5, kuma suna rufe wurin kafin nan, ga sanyin safe mai shiga jiki, wani lokaci da hazo da ke rufe dalar sai hantsi ya ɗaga. In ka tarar da hazo kar ka karaya, kai ɗan Jigawa ne ka san halinsa, ka zauna ka sha shayi ka jira. Ni dai da ni ne a cikin sati ɗayan nan sau biyu zan je Giza, ɗaya tun buɗe ƙofa ɗaya da rana, ya fi min in zagaya wurare goma a gurguje.

Masu raƙuma da masu doki za su yi maka caa. Wani zai ce kawo wayar in ɗauke ka kyauta, ya sa ka ɗaga hannu kamar kana riƙe da kan dala, ya naɗa maka rawani, ƙarshe ya ce bakshish, wato tukuici, kuma wayarka tana hannunsa. Ba duka ne macuta ba, neman abinci suke, amma a yi ciniki tukuna, nawa ne, da kuɗin Masar ne ko dala ta Amurka, hawa da sauka ne ko hawa kaɗai. Kai da kake ganin raƙuma a Maigatari ban ga abin biyan kuɗi don hoto da raƙumi ba, sai dai in kana so ya kai ka cikin yashin. In kana neman wanda zai ɗauke ka, nemi mai iyali ko wani baƙo irinka, ka fara saita masa hoton ka nuna masa daidai inda zai tsaya, ka ce ya danna sau uku ko huɗu. Kuma kar ka yi zum da yatsa biyu, yana farfasa hoto, ka taka da ƙafarka.

Na san tambayar farko da za a yi maka in ka dawo, ka ga gawar Fir'auna? Gawarwakin sarakunan suna gidan tarihi na unguwar Fusɗaɗ a cikin Alƙahira, can aka mayar da su a 2021, za ka shiga ka gan su amma ba a ɗaukar hoto a ɗakin, masu gadi na tsaye kuma ba sa wasa, kar ka gwada ta ɓoye. Kayan wani sarkinsu Tutankhamun da aka gano kabarinsa a 1922 suna sabon babban gidan tarihin da ke kusa da dala. A irin waɗannan wurare ka kashe filasha, an hana, kuma ko ba a hana ba gilashi zai dawo maka da hasken ya ɓata hoton. Ka matsa wayar dab da gilashin ka ɗan karkata, ka riƙe numfashi ka danna. Kowane ɗaki ka duba alamar da ke ƙofa ko ka tambaya, mamnu' shi ne an hana.

Wurin da ni na fi so a Alƙahira ma ba Giza ba ne, tsohon gari ne. Masallacin Azhar da aka fara ginawa a shekarar 970 miladiyya, kasuwar Khan Khalili tana tsallaken titi, sai titin Mu'izz da ya miƙe daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila cike da tsofaffin masallatai da makarantu. Nan ka je bayan la'asar ka kai har magariba, akwai ɗan lokaci bayan faɗuwar rana da sama ke yin shuɗi an kunna fitilu, minti kaɗan ne, shi ne lokacin hasumiya, ka jingina gwiwar hannu da bango don kar hoton ya girgiza. Masallacin Ibn Tulun da aka gama a 879 shi ma ka je, fili ne fetal ba cunkoso, hasumiyarsa matakalarta ta waje take tana nannaɗe ta, in an bari ka hau za ka ɗauki garin daga sama. A cikin masallaci dai ka yi sallarka tukuna, kar ka saita waya a fuskar mai ibada. Ɗalibanmu 'yan Najeriya suna da yawa a Azhar, in ka samu ɗaya ya raka ka yini guda ka huta da ciniki ka huta da ɓata, ka yi masa alheri.

Doka kuma ka kiyaye, can ba gida ba ne. A 2022 gwamnatinsu ta ba da dama kowa ya ɗauki hoton kansa na tunawa a wuraren jama'a ba sai da takarda ba, amma ta hana ɗaukar yara, manya kuma sai da izininsu. Soja, ɗan sanda, shingen bincike, ginin gwamnati, cikin filin jirgi wajen masu duba fasfo, mayar da wayar aljihu kawai. Ɗan ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama in wani ya ba ka saƙonsa ko aro kar ka karɓa, shiga da shi ba izini laifi ne babba. Mata kuwa ba sai na faɗa maka ba.

Wani abu da nake gani wajen mutanenmu, mutum ya dawo da hoto ɗari uku duk fuskarsa ce ta cika sikirin, wurin da ya je ɗan ƙyallinsa kawai ake gani ta bayan kunne. Salfi biyu uku ya isa a kowane wuri. Sauran ka ɗauko abin da mutanen gida za su tsaya su yi tambaya a kai. Kai manomi ne, in ka bi hanyar Saƙƙara, wani wurin tsofaffin dala a kudu da Giza, za ka ga gonakin bakin Nilu kore shar ga dabino, sai kawai a yanke yashi ya fara kamar an ja layi, ɗauko wannan, ɗauko yadda suke jan ruwa a kwalbati zuwa gona, da jaki ɗauke da ciyawar dabbobi, da mai keke da faifan gurasa a ka yana ratsa motoci, da kwanon koshari da aka ajiye maka, shinkafa da taliya da wani ɗan ƙaramin wake da suke kira adas da soyayyar albasa a sama. Riɗin da kake nomawa ma za ka gan shi a teburinsu an niƙa ya zama ɗahina ana dangwala da gurasa, wallahi wannan hoton sai ya fi na dala jan hira a majalisa. Ka riƙa yin ɗan bidiyo na sakan goma sha biyar ma, wayar a kwance, kar ka yi ta waina ta, ko don a ji kiran sallar magariba yana tashi daga ko'ina lokaci ɗaya.

Kuma dan Allah in ka isa gaban dalar ka ba kanka minti goma waya na aljihu. Ba inda za ta je.

Sauran ƙananan abubuwa. Kafin ka tashi ka kwashe bidiyoyin da suka cika maka waya, ka sa memori in tana karɓa. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayye, kan cajarmu mai ƙafa uku ba ya shiga, ka sayi adafta tun a Kano. Fawa bank a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda da shi a cikin akwatin da za a auna ba. Kullum da dare in ka koma otal ka hau intanet ɗinsu ka tura hotunan ranar Google Photos, suna ba da giga 15 kyauta, ko kuma ka tura wa wani amintacce a WhatsApp amma a matsayin dokumen, don in ka tura yadda aka saba yana matse hoton, ranar da ka kai situdiyo a Gumel a wanke maka babba sai ya fito dishi-dishi. Na sitatus daban, wannan ko an matse ba komai.