Kada ka yarda a tsuke maka landin

Ka ce mai gidan da kake wa aiki yana so a rage landin ɗin benensa, wato filin tsayawar nan na tsakiyar matakala, don ya sami wurin sito, har kana tambaya ko inci goma wani abu ne. Yaro, ajiye cokalin nan ka saurara.

Zurfin landin ba ya gaza faɗin matakala. In faɗinta ƙafa 3 da inci 6 ne, landin ma haka, ko ya fi. Nan ne mai hawa yake juyawa, nan tsohuwa take tsayawa ta numfasa, nan kuma yaron da ya zame yake tsayawa maimakon ya gangara har ƙasa. In ƙofa za ta buɗe a kansa, sai ka ƙara faɗin ƙofar a kan wancan awon.

Lissafin ba wuya, ku ne dai ba ku son riƙe fensir. A ce daga daɓen ƙasa zuwa saman dakin, wato kankaren da ya zama daɓen bene, ƙafa 10 da inci 6 ne, inci 126 ke nan. Raba shi 18, kowane taki ya tashi inci 7. Wurin sa ƙafa ka ba shi inci 11. Gwajinsa: tsayin taki sau biyu, ka haɗa da wurin sa ƙafa, ya ba ka inci 24 zuwa 25. Taki tara ka isa landin a ƙafa 5 da inci 3, ka juya, tara kuma ka fita sama. Ka sa kaurin tayil da simintin ƙarƙashinsa cikin awo tun farko, in ba haka ba takin farko ya gajarce, na ƙarshe ya yi tsawo, kuma ƙafa ba ta yafe bambancin rabin inci da daddare. Sama da kai ka bar ƙafa 7. Yadda ake kafa katako da kwaɓa kankare kuwa, wanda bai iya ba ya koma lebura.

Abin da ya sa tambayarka ta sosa mini rai, wani ɗan kasuwa ne a wani ƙauye ta wajen Ringim. Ni nake masa ginin. An zuba masa dakin, an shata matakala daidai da wannan awo, sai ya ce landin ya cinye masa wurin ajiye buhunan riɗi, a mai da shi ƙafa biyu. Aka ce ba ya yiwuwa. Bai yi musu ba, ya ce a dakata sai bayan sallah. Cikin hutun ya ɗauko wani matashi mai araha, irin waɗanda suka koyi gini a waya, ya zuba masa. Landin ƙafa biyu. Rodi mai mili 10 ya sa a inda ake sa mai 12, ya ware su kusan ƙafa guda maimakon inci 6. Mafi muni, a kusurwar da matakala ta hau landin, ya lanƙwasa rodin ƙasa ya bi da shi kai tsaye. A wannan gurbin rodi biyu ake gittawa, kowanne ya wuce ya nutse cikin kankaren ɗaya ɓangaren, domin rodin da aka lanƙwasa in nauyi ya ja shi miƙewa yake so ya yi, sai ya ɓalle kankaren da ke rufe da shi. Ga shi ya zare gorar da ke tokare da ita bayan sati ɗaya, cikin hunturu, ba ban ruwa, alhali kwana 21 ake bari, ana jiƙa ta safe da yamma aƙalla satin farko.

Kafin damina tsaga ta buɗe a ƙarƙashin kusurwar, har kana hango rodi. Ranar jeren amarya gado ya ƙi juyawa, sai ta taga aka ja shi da igiya. Dole aka fasa matakalar. Kuma ka san me mutumin nan ya yi? Kuɗin fasawa da sabon rodi da siminti duk ya zare daga cikon kuɗina, wai ai ginin a hannuna yake. Aka zauna gaban mai gari, ba takarda, ba shaida, aka ce a yi haƙuri. Har yau in na bi ta ƙofar gidan nan ba na ɗaga kai.

Saura abin dafawa, wato ƙarfen gefen matakala da ake riƙewa. Tsayinsa ƙafa 3, a landin ka ɗan ƙara, tazarar ƙarafunansa kada ta kai inci 4, don kan yaro yana shiga abin da ya fi haka. In matakalar waje ce, ka ɗan karkata landin ruwa ya zube, kuma kada ka bari a manna mata tayil mai sheƙi. Kaurin kankaren matakala inci 6, buhun siminti ɗaya kwano huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, ba ƙari.

Mai gidan naka kuwa, ka faɗa masa a gaban mutum biyu cewa ba za ka rage ba. In sito yake so, ga ƙarƙashin matakalar nan, a sa masa ƙofa. Gobe ka zo mini da awon tsayin ginin a rubuce, da kaurin tayil a ciki.