Amsar murya daga zauren masu rubuta manhaja na Kano: a bar wa inji ginin imej

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ƙanena, na saurari muryarka har ƙarshe. Ka ce duk lokacin da ka taɓa kod sai ka zauna ka gina imej ɗin Docker, wato ƙunshin manhajarka da duk abin da take buƙata don ta gudana, da hannu a laftof ɗinka, ka fara tura shi Docker Hub, rumbun da ake ajiye irin waɗannan imej, network ya yanke a tsakiya, data ta ƙare, kana neman wanda zai ba ka ɗan skirif da zai riƙa yi maka wannan wahalar. To ni dai ga abin da na ji a cikin maganar: ginin ne gaba ɗaya bai kamata ya zauna a laftof ɗinka ba. Ko wa ya rubuta maka skirif ɗin, in dai a wannan laftof ɗin zai gudana, datarka ce za ta ci gaba da tafiya, in an ɗauke wuta ya tsaya, kuma babbar matsalar da ba ka ma ambata ba tana nan daram. Zan zo kanta.

Tunda ka ce kod ɗinku yana GitHub, ai an gama rabin aiki. GitHub Actions, tsarinsu da yake gudanar maka da ayyuka da kansa a kan injinansu, tun Nuwamban 2019 aka buɗe shi ga kowa. In rifo ɗinku, wato ma'ajiyar kod ɗinku, a buɗe yake ga jama'a, kyauta ne. In na sirri ne, asusun kyauta yana da minti 2,000 duk wata a kan injin Linux, kuma ƙaramar tawaga irin taku, ku uku ko huɗu, da wuya ku cinye shi in kun tsara abin da kyau. Fayil ɗaya za ka rubuta na YAML, ka sa shi a cikin folda .github/workflows, ka ce masa duk lokacin da aka tura kod zuwa reshen main, ya tashi. Sai su ba ka sabon inji fil a can wajensu, ya janyo kod ɗin, ya gudanar da gwaje-gwajenku, in sun wuce ya gina imej, ya tura shi rumbun ajiya. Kai abin da ya fita daga layinka bai wuce 'yan kilobait ɗin gyaran da ka yi ba. Imej mai nauyin gigabait ɗaya tsakanin injinsu da rumbunsu zai yi tafiyarsa, kai kana Kabuga kana shan shayi.

Matakan ma ba kai za ka ƙirƙiro su ba. Docker da kansu sun rubuta login-action, da setup-buildx-action, da build-push-action, da metadata-action. Haɗa su kawai za ka yi bayan checkout. Kuma ni shawarata, rumbun ma ka yi amfani da na GitHub ɗin, wato ghcr.io, saboda akwai GITHUB_TOKEN, makullin shiga na wucin gadi da suke ba kowane aiki da kansu, ya mutu in aikin ya ƙare, ba sai ka je ka ajiye kalmar sirrinka ta Docker Hub a ko'ina ba. Abu biyu ne suke kayar da mutane a nan: sai ka ba token ɗin izinin rubutu a kan packages a cikin fayil ɗin, sannan sunan imej dole ya zama da ƙananan haruffa. In sunan asusunku yana da babban harafi, zai ƙi, ka yi ta neman laifin a wani wuri.

Yauwa, to babbar matsalar. Na ji ka ce kana sa wa imej ɗin latest. Don girman Allah ka bari. Mutane suna ɗauka latest wata dabara ce da Docker yake bin sabon gini da ita. Suna ne kawai, shi ake liƙawa in ba ka ba da wani suna ba, kuma duk wanda ya turo na ƙarshe shi ya ƙwace sunan. Kamar ka shiga sito a Kantin Kwari ka tarar kowace dila an rubuta mata “sabon kaya”, ta bara da ta jiya, babu lamba babu kwanan wata. In kwastoma ya dawo da ƙorafi, daga wace dila aka yanka masa? Abin da za ka liƙa shi ne lambar komit ɗin Git, wato lambar da Git yake ba kowane gyara da aka ajiye, wannan doguwar mai haruffa 40, ko gajerarta mai bakwai. Da ka ga imej a kan saba, ka san ainihin kod ɗin da ya haife shi, ka san wa ya rubuta, ka san ranar. In sabon ya lalace, ka koma na jiya da lambarsa cikin minti ɗaya. Ranar fitar da siga kuma ka ƙara masa lamba irin 1.4.0. Ita metadata-action ɗin nan aikinta kenan.

Abin da ya sa nake ɗaga murya a kan wannan, na taɓa aiki a wani wuri a garin nan, ba zan faɗi suna ba, wasu a zauren nan sun san wurin. Manhajar biyan kuɗin makaranta muke riƙe da ita. Mutum ɗaya ne yake gina imej, a laftof ɗinsa, kuma yana ɗaukar hakan kamar wata sarauta. Mun yi magana mun yi magana a mayar da abin kan inji, oga ya ce ai abu yana tafiya, me za a taɓa. Aka zo hutun babbar sallah, bawan Allah ya tafi garinsu, waya ba ta shiga. Ana komawa makaranta iyaye suka fara biya, rasit ya daina fita. Muka ce to mu gina daga abin da yake main mu ɗora. Muka gina, muka ɗora, abu ya ƙara rikicewa, shafin shiga ma ya mutu. Ashe abin da yake gudana a kan saba tun watanni yana ɗauke da gyare-gyaren da ba su taɓa shiga Git ba, suna zaune a laftof ɗinsa kawai, daga nan yake ginawa. Muka ce a koma tsohon imej, ina tsohon? Sunansa latest, namu ma latest, ya hau kansa, kuma skirif ɗin ɗorawar yana share tsofaffi daga saba don kar faifai ya cika. Iyaye suna tsaye a layi a ofishin basa da takardar banki a hannu, makarantu suna kiran waya.

Kuma kun san wa aka ɗora wa laifin? Wani yaro ɗan bautar ƙasa da ya danna maɓallin ɗorawa bisa umarnin da aka ba shi. Shi aka kira ofis aka wanke tas a gaban mutane. Wallahi har yau in na tuna raina yana ɓaci. Yaron nan bai yi komai ba sai abin da aka ce ya yi. Shi kuwa mai laftof da ya dawo, tarbarsa aka yi kamar wanda ya ceto kamfani, don shi kaɗai ya iya gyarawa. Ai dole shi kaɗai ya iya, tunda shi ya ɓoye kayan! Daga baya ma da muka buɗe imej ɗin nasa muka duba, fayil ɗin .env, inda ake ajiye sirrin manhaja, yana ciki ɗungurungum, da kalmar sirrin rumbun bayanai da makullin kamfanin karɓar kuɗi. Na kai wannan maganar gaba, aka ce kar in tayar da fitina. To shikenan, bari in bar wannan, in na biye masa sai magariba.

Amma maganar sirrin kada ta wuce mu, tana cikin amsarka. Imej hawa-hawa ake gina shi, kowane layi a Dockerfile, fayil ɗin umarnin gina imej, da ya taɓa fayiloli yana barin nasa hawan. In ka kwafi fayil mai sirri a layi na biyar ka goge shi a layi na shida, yana nan a hawan baya, duk wanda ya janyo imej ɗin zai iya tono shi. In ka shigar da shi ta ARG, docker history zai iya nuna shi a fili. Kar ka ce wannan kuskuren 'yan koyo ne. A Afrilun 2021 kamfanin Codecov ya sanar cewa an yi musu kutse, kuma ta kuskuren yadda suke gina imej ɗinsu na Docker aka zaro makullin da aka canza skirif ɗinsu da shi, skirif ɗin da yake gudana a cikin CI na abokan hulɗarsu, wato irin wannan tsarin gini da gwaji na atomatik, aka riƙa kwashe sirrin mutane har wajen wata biyu kafin a farga. Saboda haka ka rubuta .dockerignore, jerin abin da Docker ba zai kwafa cikin imej ba, tun yau, ka sa .env da .git da node_modules a ciki. Sirrin da gini yake buƙata, ka ajiye shi a sashen Secrets na rifo, ka miƙa shi ta hanyar secret ta BuildKit, injin gini na Docker, wadda ba ta barin sa a cikin imej. Wanda manhaja take buƙata lokacin aiki kuma, sai kwantena, wato imej ɗin da aka kunna, ta tashi a kan saba ake ba ta.

Sai saurin gini, tunda minti ake ƙirga muku. Injin da GitHub suke ba ka kullum sabo ne, bai san jiya ba, don haka in ba ka yi dabara ba kowane gini daga tushe zai fara. A build-push-action ka sa cache-from da cache-to su zama type=gha, ya riƙa ajiye hawayen... a'a, hawa-hawan nake nufi, ya ajiye su ya dawo da su a gini na gaba. Gigabait 10 suke ba kowane rifo, abin da ya kwana bakwai ba a taɓa ba su share. Amma wannan ajiyar ba za ta amfane ka ba in tsarin Dockerfile ɗinka a birkice yake. Ka ce Node kuke yi ko? Ka fara kwafar package.json da package-lock.json su kaɗai, ka yi npm ci, sannan ka kwafi sauran kod ɗin. Dalili, da zarar hawa ɗaya ya canza, duk na bayansa sai an sake su. In ka kwafi komai a farko, waƙafi ɗaya ka gyara sai an sake sauke duk fakitocin duniya.

Nauyin imej ɗin ma da kake kuka da shi, tun 2017 Docker yake da gini mai mataki-mataki. Mataki na farko ka ɗauki babban imej mai duk kayan aiki ka yi gini, na biyu ka ɗauki slim, wato ƙaramin imej da aka rage wa kaya, ka kwaso abin da aka gina kawai. Wasu za su ce maka Alpine, eh ƙarami ne ƙwarai, amma musl yake amfani da shi a maimakon glibc, wasu fakitocin suna ba da ciwon kai a kansa. Fara da slim. Kuma a layin FROM ka rubuta lambar sigar Node ɗin, kar ka bar shi tsirara, in ba haka ba wannan latest ɗin da muka kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

Af, na tuna, ka ce wani lokaci imej yana aiki a wajenka amma a saba ya ce exec format error. MacBook ce da kai ko? Tun 2020 da Apple suka fito da M1, injinansu nau'in firosesar arm64 ne, wato ARM, yawancin sabobin haya kuwa nau'in amd64. Ka gina wa wani irin inji ka kai wa wani. Injin ubuntu-latest na GitHub amd64 ne, don haka wannan ma ya kau da kansa. In sabarku ta ARM ce, a layin platforms ake faɗa.

Malamar da ta yi tambaya a ƙasa cewa su GitLab suke amfani da shi a ofis, wasu kuma Jenkins, wanda shi ma tsarin gini ne na atomatik: Malama, tunanin ɗaya ne, fayil ɗinku .gitlab-ci.yml ne, kuma GitLab yana da nasa rumbun. Inda za ki yi hattara shi ne in injin naku ne na cikin ofis. Gina Docker a cikin Docker yana neman a ba kwantena izinin privileged, wanda kusan miƙa mata injin ne gaba ɗaya, don haka kar a haɗa shi da injin da yake ɗauke da bayanan mutane. Sannan tun Nuwamban 2020 Docker Hub suka sa iyaka a kan janyo imej, sau 100 cikin awa 6 ga wanda bai shiga da asusu ba, kuma da adireshin IP suke ƙirgawa. Ofis guda a bayan layi ɗaya, ga Jenkins yana ta janyowa, sai ki ga gini ya faɗi da rana tsaka babu wanda ya taɓa komai. Ku sa shi ya riƙa shiga da asusu.

Ƙanena, abu na ƙarshe, ka raba aikin gida biyu. In an buɗe buƙatar haɗe reshe, a gina a gwada amma kar a tura rumbu. Sai an haɗe da main sannan a tura. In kana da hali ka ƙara Trivy a tsakani ya duba imej ɗin ko akwai tsofaffin fakitoci masu rauni. Yadda saba za ta ɗauki sabon imej da kanta kuwa wata murya ce daban, ba zan haɗa ta da wannan ba. Ka turo Dockerfile ɗinka nan zauren, ka tabbata ka cire duk wani sirri kafin ka turo, ka kuma faɗa min sabar taku amd64 ce ko ARM, in Allah ya kai mu dare zan rubuto maka fayil ɗin YAML ɗin mu duba shi tare.