Mai taɓin hankali an sallame shi daga likita, ba shi da wurin kwana

Majo, ka ce kuna ba mutum magani ya samu sauƙi, ku sallame shi, bayan sati biyu ku gan shi kwance bakin kasuwar Dole ta Damagaram, ina za a kai shi.

Ni dai a ganina kada a sallame shi sai an san ɗakin da zai kwana. Fara da neman dangi, ka je wajen mai unguwa ko limamin unguwarsu, Birni ce ko Zango ko Kara-Kara, su ne suka san ɗan wane ne, kuma dangin da suka ƙi jin taka sukan ji tasu. In babu kowa sai sabis sosiyal, wato ofishin taimakon marasa galihu, na lopital da na meri.

Kuskuren da ake yi shi ne cewa sai ya warke tukuna a nema masa ɗaki, to wanda ke kwana a titi ina zai ajiye ƙwayoyinsa, wa zai tuna masa lokacin sha? A Amurka ma tun 1992 a birnin Niyok suka juya abin, ɗaki farko, magani ya biyo.

In dangi suka ce za su ɗaure shi da mari, ka hana su. In kuma yana zancen kashe kansa ko ya daina ci, a maida shi wajen lokotoron ƙwaƙwalwa ranar nan.