Kuɗin shayi a kan dutsen Ukaimeden

Ɗana, saƙonka ya iso tun daren jiya. Wai kun hau dutsen Ukaimeden na ƙasar Maroko kai da abokan karatunka don ku taka da ƙafa zuwa ƙauyen Tashdirt, wani makiyayi ya kira ku ya ba ku shayi da gurasa, ka zaro dirhami 50 ka miƙa masa sai fuskarsa ta canja, shi ne kake tambaya ko kuɗin ne suka yi kaɗan, nawa aka saba bayarwa. Wallahi na yi dariya har innarka ta leƙo, amma da na kwanta sai jikina ya yi sanyi, "nawa" ɗin nan ita ta tsaya min a rai.

Ku yanzu da wasan zamiya kan dusar ƙanƙara kuka san wurin, a Janairu motocin 'yan Marrakesh su cika hanya, tafiyar kilomita 75 ko makamancin haka, ga lilon ƙarfe da ke ɗaga mutum har sama da mita 3,200. To tun kafin a kafa ƙarafan nan wurin hurumi ne na makiyaya, su suna ce masa agdal. Daga 15 ga Maris ake rufe shi, ko akuya ɗaya ba ta shiga sai 10 ga Agusta, don ciyawa ta yi fure ta zubar da iri, mutanen Urika da na Reraya ne ke da haƙƙin kiwo a ciki, kuma suna jingina alfarmar wurin ga waliyyinsu Sidi Fares. In ka duba jajayen duwatsun bakin gari za ka ga zanen shanu da wuƙaƙe na shekaru dubbai, ina fata dai kun tsaya kun gani ba wucewa kuka yi kuna kallon waya ba.

Ni a 1984 na je, mu uku, kuma Allah ya sa muka dace da ranar buɗewa. Ɗana ban taɓa ganin irin wannan ba. Tun asuba ka ji kukan tumaki da awaki ta kowane kwari, alfadarai ɗauke da tukwane da barguna har da kaji an ɗaure a sama, mata da goyo, yara na gudu, kowane gida ya nufi bukkarsa ta dutse da suke kira azib, wadda ta yi wata biyar ba hayaƙi. Muka yi ta kallo har rana ta yi nisa sannan muka kama hanyar Tizi n'Eddi, mashigar da ake bi a gangara Tashdirt, kusan mita 3,000, kana hawa numfashi na guntulewa, in ka waiwaya ka hango fadamar kore shar da ɗan tafkinta, gabanka kuma duwatsu tsirara baƙi ƙirin. Ba mu kai sama ba hadari ya taso, ƙanƙara ta dinga zuba kamar tsakuwa, mu kuwa 'yan riguna marasa kauri ne a jikinmu, muka juyo a guje haƙora na kaɗawa. Wani dattijo ya fito daga azib ɗinsa yana ɗaga mana hannu, ba ya jin Larabci sosai sai Tashelhit, mu kuma ko kalma ɗaya ba mu sani ba, ya tura mu ciki kusa da murhu ya lulluɓa mana bargon ulu mai warin hayaƙi. Matarsa ta kawo gurasar sha'ir da zafinta da man shanu, shi kuma ya zauna haɗa shayi a tsanake, ya fasa sukari da 'yar guduma, ya zuba ya mayar ya sake zubawa daga sama har ya yi kumfa. Ranar fa suka iso, kayansu ma ba su gama kwancewa ba, abin da za su ci na makonni ne suka gutsura mana. Da magariba ya matsa min gaba wai in ja salla, da na idar ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Da safe ɗaya daga cikinmu ya sa hannu a aljihu, na danne hannun. Ba wayona ba ne, muryar kakanka na ji. Shi da fatake ke sauka a zaurensa kullum cewa yake baƙonka annabinka, kuma tukwici ɗan aike ake ba, ba mai kyauta ba, wanda ya ciyar da kai don Allah in ka biya shi ka ƙwace masa ladansa ka mayar da shi mai tebur. Bayan mako biyu na koma da dunƙulen sukari mai tsinin nan na kilo 2, wanda 'yan Maroko ke kaiwa gidan biki da gidan gaisuwa, da ganyen shayi. Ya karɓa da hannu biyu.

Na sani zamani ya juya, yanzu akwai masu sayar da shayi a bakin hanya da sana'arsu kenan, su a biya su ba ragi, balle bayan girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 da ta rushe gidaje a yankin Al Hauz, mutane na da buƙata. Amma a ce saurayi kamarka bai iya bambance mai shago da mai masauki ba, wannan kam laifinmu ne da muka bar ku kuka tashi komai sai an tambayi farashi. Kuma hoton da ka turo na ga matan gidan a bayanka, ka nemi izini kuwa?

Ka ce kuna shirin hawan dutsen Tubkal ta ƙauyen Imlil bayan jarrabawa, mita 4,167 ba wasa ba ne, ku ɗauki ɗan jagora na garin, dole ne ma yanzu, kuma ka sayi takalmin kirki da rigar sanyi. In ka gane bukkar mutumin nan ka koma ka gaishe shi, sukarin ka saya tun daga Marrakesh. Ka kira innarka ran Juma'a, tun da ta ji zancen ƙanƙara hankalinta bai kwanta ba.