Amsa ga Yaya: abin da ke kai mu kallon tseren Darlington

Yaya, na ga tambayarka, kuma na san ba kai kaɗai ke yin ta ba. Ka ce ka ga hotunan mutanenmu na nan Carolina ta Arewa a Amurka, magidanta da furfurarsu, sun kwashi iyali sun tafi kallon motoci suna zagaya fili ɗaya tun yamma har dare, shin mun koma 'yan wasan mota irin na ranar ɗaurin aure ne? A'a. Yaron da ke wasa da mota a biki so yake a ga ƙura ta tashi, taya ta yi kuka. A wannan tsere kuwa, mai sa tayarsa kuka tun da wuri shi ne ke fara komawa gefe ya zauna.

Sai ka fara sanin inda muke. Yankin Charlotte shi ne cibiyar ƙungiyoyin da ke fafatawa a ƙarƙashin hukumar tseren da ake kira NASCAR, wadda Bill France ya kafa a 1948. Yawancin garejin da ke haɗa motocin suna Concord da Mooresville, a bayan gari. Mu kuma da yawanmu, 'yan Nijeriya da 'yan Zangon Gana da 'yan uwanmu na Nijar da suka yi yawa a Greensboro, abincinmu a jikin mota yake: wasu direbobin tirela ne, wasu kanikawa, wasu na sayen motoci a gwanjo suna turawa Kwatano da Legas. Mutumin da ya wuni a ƙarƙashin mota tare da Turawan Kudu, ran Litinin ba shi da hirar da za a yi masa sai ta tseren jiya. In bai san komai a kai ba, haka zai ci abincin rana shi kaɗai. Daga nan yawancinmu muka fara.

Tseren da dattawan kanikawanmu suka fi kawowa a hira shi ne wanda aka yi ranar 4 ga Satumba, 1950, a garin Darlington na Carolina ta Kudu, tafiyar awa biyu da 'yan kai daga nan. Sunansa Southern 500, wato mil 500, kilomita 800 da ɗoriya. Kafin ranar, hukumar ba ta taɓa shirya tsere mai wannan tsawo ba, kuma galibi a fili na ƙasa ake yin tseren babban rukuninta. Wani ɗan garin mai suna Harold Brasington ne ya je kallon tseren Indianapolis a 1933, abin ya shiga ransa, daga baya ya samu gonar auduga da gyaɗa ya shimfiɗa mata kwalta. Mai gonar, Sherman Ramsey, ya kafa masa sharaɗi cewa kada a taɓa masa kududdufin da yake kiwon ƙananan kifi a ciki. Dole aka matse gefe ɗaya na filin, ya fito da siffar ƙwai, kwana ɗaya mai faɗi, ɗaya tsukakkiya. Har yau wannan kududdufi ne ke wahalar da injiniyoyi, don saitin da ya dace da wannan kwana ba ya dacewa da waccan.

Motoci 75 suka tashi, jere uku-uku, za su yi zagaye 400. Kuma motocin gida ne, irin waɗanda kowa zai shiga wajen dillali ya saya: Oldsmobile, Cadillac, Lincoln, Ford. A cikinsu akwai wata baƙar Plymouth ƙarama da ake aike da ita kafin tseren, Bill France kansa na cikin masu ita. Direbanta Johnny Mantz, mutumin California, shi ya fi kowa nawa a gwajin share fage. Ba wanda ya sa shi a lissafi.

Amma Mantz ya taɓa yin tsere a Indianapolis, ya san abin da kwalta mai zafi ke yi wa roba, abin da 'yan filin ƙasa ba su sani ba. Sai ya sa wa motarsa tayoyi masu tauri irin na babbar mota. Da aka tashi, motoci masu ƙarfin inji suka wuce shi kamar yana tsaye. Ba a jima ba tayoyi suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya. Abin ya kai har wasu kanikawa suka ƙarar da na ajiyarsu, suka shiga wurin ajiye motocin 'yan kallo suna kwanto tayoyi. Shi kuwa Mantz yana ta lallaɓawa a gudunsa, bai ƙara ba bai rage ba. Wajen zagaye na 50 ya karɓi gaba, bai sake sakinta ba. Bayan sama da awa shida ya gama, matsakaicin gudunsa mil 75 a awa, ya ba Fireball Roberts da ya zo na biyu ratar zagaye tara. Ita ce kaɗai nasarar da ya taɓa samu a babban rukunin NASCAR.

Ka ga dalilin da ya sa direban tirela ke son labarin. Duk wanda ya yi tuƙin dogon zango ya san lissafin nan na taya da mai da zafin inji, kuma shi muke zuwa kallo. Ni a ganina motocin yau, da gudunsu ya ninka na Mantz, sun rage wa abin armashi ta wani ɓangare, tunda ba ɗaya daga cikinsu da za ka samu a wajen dillali. Sai dai kwaltar Darlington har gobe cin taya take yi, saboda haka lissafin bai mutu ba.

Game da yadda muke zuwa, wanda na san shi ne ainihin damuwarka. Har yanzu ana yin tseren na Darlington a ƙarshen makon hutun ma'aikata, wajen farkon Satumba. A da ran Litinin ake yi, don dokar jihar ta hana irin wannan taro ran Lahadi, yanzu kuwa Lahadi da yamma ne. Mukan tafi ayari, da namu nama da gawayi, mu gasa tsire a bayan mota kamar yadda kowa ke gasa nasa, don abincin ciki naman alade ya yi masa yawa. Giya kuwa ba a magana, shi ya sa muke sayen kujeru a haɗe, yara a tsakiya, kowanne da abin toshe kunne. Kafin a tashi fasto kan yi addu'a, mu yi shiru, a rera taken ƙasa, mu miƙe. In magariba ta yi sai mu sauka kashi-kashi mu yi salla. Caca ba ma shiga.

Kada ka ɗauka kowa a cikinmu ya yarda da zuwan. Akwai dattawan da ba sa taka wurin, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Wasan ya girma ne a Kudun da ake wariyar launin fata, tutar 'yan tawayen da suka yi yaƙi don kare bauta ta daɗe tana kaɗawa a filayen, sai a 2020 hukumar ta haramta ta. Wendell Scott, baƙar fata na farko da ya ci tsere a babban rukuni, a Jacksonville cikin Disamba 1963, wani Bature aka fara ba nasarar, sai bayan taro ya watse aka ce shi ne ya ci. Kofin bai shiga hannun iyalansa ba sai 2021, shekaru talatin bayan rasuwarsa. Masu zuwa da marasa zuwa duk muna gaya wa yara wannan labari. Su kuma yaran, da aka haifa a nan, motar Bubba Wallace, direba baƙar fata, mai lamba 23 suke bi, kuma mafi yawan lokuta su ne ke matsa wa iyaye a sayi tikiti tun watan Yuli.