Cajar laftof mai wat 65 za ta ƙona wa yarona gem?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ƙanina ya aiko wa ɗana Nintendo Switch daga Ingila, cajarsa kuma ta ɓace lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Ina da cajar laftof mai bakin USB-C, wat 65, na so in ba shi, sai wani mai gyaran waya ya rantse mini cewa ƙarfinta ya yi yawa, za ta ƙona gem ɗin, har ma wayata Samsung idan na kuskura na jona. Ya sayar mini da wata ƙarama, ya ce orijinal ce, in ji nauyinta kawai. Tun ranar gem bai sake fita a talabijin ba, cajar tana zafi har ba ta taɓuwa, shekaranjiya kuma yaron ya ce ta ja shi da zai zare. Wallahi hankalina bai kwanta ba. Wace caja zan saya wadda ba za ta ƙona kaya ba, ba kuma za ta cutar da yaro ba?

Wani uba, Unguwar Rimi, Kaduna

AMSA

Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya kiyaye gaba, ya raya mana yaron. Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, tashi ka kashe soket, ka zare ƙaramar cajar nan. Kada ka ba mai gadi, kada ka jefa ta a durowa wai saboda ɓacin rana. Sa guduma ka fasa ta. Cajar da ke zafi har ba ta taɓuwa, ta kuma ja mutum, ta riga ta gaya maka abin da take shirin yi.

Ita kuwa cajar laftof ɗin da aka tsorata ka da ita, ɗauko ta ka juya bayanta, ka nemi ƙananan rubutun nan da ake sa wa tabarau kafin a karanta. Idan ka ga layi-layi kamar 5V 3A, 9V 3A, 15V 3A, 20V 3.25A, to kana riƙe da caja mai tsarin USB PD, wato wadda ke ba kowace na'ura daidai wutar da ta nema, kuma ita ce mafi lafiya a cikin biyun da ke gidanka. Za ta caza Switch, za ta caza Samsung, ba abin da za ta ƙona.

Wannan magana ta "wat ya yi yawa" ita ce ta fi ba ni ciwon kai a wannan sana'a. Ba ranar Allah da za ta fito ta faɗi ban ji ta ba, daga bakin ɗalibi, daga bakin Hajiya, abin takaici har daga bakin masu riƙe da sukundireba suna kiran kansu injiniyoyi. Wat ɗin da aka rubuta a jikin caja iyakar abin da za ta iya bayarwa ne idan an nema, ba wai shi take ɗura wa kowa dole ba. Wanda ya je bakin kogin Kaduna da buta, cikin buta zai ɗebo, kogin ba zai fasa masa buta don yana da yawa ba. Soket ɗin bangon ɗakinka mai amfiya 13 yana iya ba da wajen wat 3,000, a nan kake jona rediyo da fitilar caji shekara da shekaru, me ya ƙone?

A tsarin PD ma abin ya wuce haka, don ciniki ake yi. Da ka jona igiya, caja takan fara da bolt 5, ta jera wa na'ura abin da take da shi, na'urar ta zaɓi wanda take so, sannan caja ta ɗaga zuwa wurin. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Idan ba su fahimci juna ba, a bolt 5 ake tsayawa. Shi ya sa caja ɗaya mai wat 65 za ta ba laftof bolt 20, ka zare ka sa wa hannun PS5 ta ba shi bolt 5 ɗin da yake sha, ba tare da ka taɓa komai ba. An yi tsarin ne musamman domin wannan. Tun 2021 aka faɗaɗa shi ya kai wat 240, kuma tun ƙarshen Disambar 2024 dokar Tarayyar Turai ta wajabta bakin USB-C a kan sababbin wayoyi da gem na hannu da ake sayarwa a can. Ƙasashe 27 ba za su taru su tilasta wa mutanensu abin da ke babbaka waya ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne inda tsoron yake kai mutane. Mutum yana da caja ta gaske a gida, a tsorata shi, ya ajiye ta, ya je ya sayo jabu mai araha "don kada ƙarfi ya yi yawa". An gudu ba a tsira ba. Kwanakin baya wani matashi daga Tudun Wada ya kawo mini waya, ya ce in yana buga PUBG tana caji, allon yana danna kansa, harbi yake fita ba shi ya harba ba. Har an ce masa a canza allo. Na ce ya kawo cajar. A jikinta an rubuta 25W da manyan baƙi, na sa mita, da ƙyar take ba da amfiya ɗaya a bolt 5. Na fasa ta a gabansa. Abin da ya fara faɗowa kan tebur guntun ƙarfe ne, an manna shi da gam a cikin murfi, ba ya haɗe da komai. Aikinsa kawai ya yi nauyi a tafin hannun mai saye. Allon haɗin wutar da ke cikin cajar bai wuce farcen babban yatsa biyu ba, babu fiyus, hanyar wutar NEPA da hanyar da ke zuwa waya sun kusa sumbatar juna, ga ƙurar hunturu ta kwanta a tsakaninsu. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Oga, da wannan nake kwana a gefen filo."

To ka ji labarin "in ji nauyinta", Alhaji. Masu yin jabu sun san da hannu muke auna caja, shi ya sa suke sa mana ƙarfe.

A cikin kowace caja akwai ɓangare biyu: na bolt 230 da ke shigowa daga bango, da na ƙaramar wuta da ke zuwa hannun yaronka. Tiransifoma ƙarama da 'yar tazara ta milimita kaɗan ne suka raba su. Kamfanin kirki a kan wannan tazara yake kashe kuɗi, mai jabu kuma nan yake fara yankewa, tunda ba a gani daga waje. Laimar watan Agusta, ƙura, ko wuta ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, ɗaya daga ciki ya isa ya sa wutar bango ta tsallaka. A 2016 jami'an kula da ingancin kaya na Birtaniya sun sayi jabun cajojin Apple guda 400 aka gwada, 3 kacal suka tsallake gwajin kariya daga jan wuta. Kuma kada tambarin CE na ingancin kayan Turai ko wani hatimi a jikin kwali ya ruɗe ka, wanda ya iya buga sunan kamfani ƙarya ba haruffa biyu ne za su gagare shi ba. Su kuwa waɗanda aka ɗora wa alhakin tare irin wannan kaya tun daga tashar jirgin ruwa, bari in ja bakina, don in na fara ba za mu kai ga amsarka ba.

Gaskiya ɗaya ce a maganar mai gyaranka, shi ma ban jin ya san da ita. Akwai wasu cajoji marasa asali, irin masu zuwa da ƙananan na'urori masu araha, da aka sa musu bakin USB-C amma ba su iya ciniki ba, bolt 12 suke turowa kai tsaye ko wa aka jona. Waɗannan suna ƙona kaya. Ka ga ke nan bolt ne ya yi ɓarnar, ba wat ba. Gane su ba wuya: layi ɗaya tak za ka gani a rubutun baya, ba 5V a ciki. Irin wannan kada ta kusanci gem ko waya.

Sai igiya, wadda kowa ya raina. A 2016 wani injiniyan Google, Benson Leung, wanda ya ɗauki gwada igiyoyin USB-C a matsayin aikin sa kai, ya rasa laftof ɗinsa Chromebook Pixel saboda igiya ɗaya da aka haɗa wayoyin cikinta a juye. Igiya ce kawai, ba kan caja ba. Igiyar C zuwa C ta yau da kullum tana ɗaukar amfiya 3, wato wat 60. Abin da ya wuce nan sai mai amfiya 5, wadda ke da ɗan guntun na'ura a bakinta da ke shaida wa caja cewa za ta iya. In ka haɗa caja mai kyau da igiyar bakin titi, ka yi aikin baban giwa.

Mu dawo kan gem ɗin. Dalilin da ya sa bai fita a talabijin ba, dok ɗin Switch, wato mazaunin da ake ɗora shi a kai don ya fito a talabijin, bolt 15 yake nema. Cajar Nintendo ta asali, mai lamba HAC-002, an rubuta mata 15V 2.6A, wajen wat 39 ke nan. Ƙaramar da aka sayar maka ba ta da bolt 15 ko a mafarki, dok ya tambaya bai samu ba, ya ƙi aiki. Gem ɗinka lafiyarsa ƙalau in Allah ya so. Don caji a hannu, ba shi cajar laftof ɗin yau ɗin nan. Don dok, yawancin cajojin PD masu 15V 3A suna yi, amma ni na fi son ta Nintendo, kuma tunda ƙaninka yana Ingila, ka roƙe shi ya sa ta a kayan mai zuwa. Bakin cajar Ingila mai ƙafa uku ne, daidai da soket ɗinmu, ba sai an tura biro a rami ana buɗe wa mai ƙafa biyu hanya ba. Abin da zan hana ka shi ne sayen dok na wani kamfani daban mai araha. A 2018 irinsu sun kashe wa mutane Switch bayan wani sabunta manhaja, kuma daga nan ne rabin jita-jitar "Switch ba ya son baƙuwar caja" ta samo asali.

Wayarka Samsung za ta yi caji da cajar laftof, sai dai saurin nan na wat 25 ba ya fitowa sai caja tana da PPS, wani ƙarin tsari a cikin PD, za ka ga an rubuta a baya. Masu wat 45 kuma suna son igiya mai amfiya 5. Masu Tecno da Infinix da Oppo da Xiaomi, mafi yawan saurinsu yaren gida ne, sai da kan caja da igiyar kamfanin, da wata caja za su yi caji a hankali, ba illa. Wanda ke da gem ɗin hannu na Steam Deck wat 45 yake so, Switch 2 da ya fito a 2025 kuma da caja mai wat 60 yake zuwa. In za ka sayi guda ɗaya ta wadaci gida, nemi wat 65 mai PD da PPS, mai 15V a jerinta, daga sanannen kamfani irin su Anker ko Ugreen ko Oraimo, a shagon da ke ba da rasit kuma za ka same shi gobe a inda ka bar shi. A Ahmadu Bello Way akwai irinsu. Ka je da wayarka ka gwada a wurin, ka ga ta rubuta caji mai sauri kafin kuɗi ya bar aljihunka. Mai rami biyu ko uku, ka sani wat 65 ɗin raba shi take yi, kuma duk sanda aka jona wani abu takan ɗauke na ɗan lokaci ta sake ciniki. Idan dok ne a kai, talabijin zai ɗauke ana tsakiyar wasa, yaro ya zo yana kuka an lalata masa gem.

Batir kuwa, abin da ke cin sa a garin nan zafi ne. Apple da kansu sun ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa da rana a watan Afrilu inuwa ma takan wuce haka. Yaro ya kwanta kan katifa, waya cikin roba mai kauri, tana caji, yana Free Fire awa uku, sannan batir ya kumbura a ce caja ce mai ƙarfi. A cire robar, a ɗaga daga kan katifa. Wasu wayoyin, kamar ROG Phone da wasu Infinix da manyan Samsung, suna da saitin da ke kai wuta kai tsaye ga waya ba ta batir ba lokacin wasa, mai shi ya nemo ya kunna.

Sai ɗabi'ar gida. Idan an ɗauke wuta, a kashe soket ɗin da dok da talabijin suke, kada a kunna sai ta dawo ta zauna. Haka in za a tayar da janareto, a bari ya daidaita muryarsa tukuna. Caja ta gaske an rubuta mata 100-240V, wuta mara ƙarfi ba ta cika damun ta ba, bugun farko na dawowar wuta ne ke kashe ta. Kuma ka duba ekstenshan ɗin da yaron yake jonawa, don rabin cajojin da ake kawo mini da baƙin ƙuna a ƙafa, ramin soket ne ya saki yana tartsatsi.

Shi kuma mai gyaran, in ka koma wurinsa kada ka yi faɗa. Kai masa gutsattsarin cajar a leda, har da guntun ƙarfen in ka same shi a ciki, ka ce ya nuna maka inda aka rubuta 15V.